Ƙarfen da Ke Kan Akwatin Yaya

A garejinmu na unguwar Farcha akwai akwatin kayan aiki da ba a buɗewa. Yana gindin bango, ƙarƙashin rumfar kwano, kuma a kan murfinsa akwai sarjuwan, wato ƙarfen nan mai zare da kafintoci ke matse katako da shi. Direbobi sukan tambaye ni dalili. Nakan ce musu na yayana ne, in ci gaba da abin da nake yi. Ban taɓa ba kowa labarin daga farko zuwa ƙarshe ba, don a bakin aiki ba a samun natsuwar jera magana. Yanzu zan jera ta.

Sai na fara da aikin kansa, domin wanda bai san aikin ba ba zai gane sauran ba.

Motar da birkinta na faifai ne, kowace ƙafa tana da faifan ƙarfe da takalma biyu masu kama shi ta gefe da gefe. Mu nan filaket muke ce musu. Abin da ke tura filaket shi ne fistan. Yana zaune cikin gidansa, man birki na bayansa. Duk yadda filaket ya ci, haka fistan ke ƙara fitowa, kuma ba ya komawa da kansa. To ranar da za a saka sabon filaket mai kauri, ba shi da wurin shiga sai an mayar da fistan ciki. Wannan mayarwar kowa raina ta yake yi. Yaya bai taɓa raina ta ba, ni ma bai bar ni na raina ta ba.

Ga yadda ya koya mini. A sa dutse a ƙafar da ba za a ɗaga ba. A ɗaga mota a tokare ta. Kafin a taɓa fistan, a buɗe bonet, a cire murfin tulun man birki a leƙa. In wani ya cika shi fal, a zuƙe kaɗan da sirinji, saboda man da ke bayan fistan sama zai koma, in ya yi ambaliya ya ci fenti. Bayan haka a wanke bakin fistan. Motocin Farcha cikin laka da kashin shanu suke wuni da damina, in ka tura fistan da dattinsa ka tura yashi cikin roba. Sai a ɗora tsohon filaket a fuskar fistan, a sa sarjuwan, a murɗa a hankali, ana murɗawa ana saurare. Wasu sukan cusa sukudireba tsakanin faifai da filaket su ɓanɓare. Yana da sauri, amma yana karce faifai, yana karkata fistan. Yaya ba ya shan shayi da makanikin da ke yin haka.

Fistan na ƙafar baya kuma, a ƙananan motoci da birkin hannu ke cikinsa, ba ya turuwa. Yana da tsaga biyu a fuska, juya shi ake yi kamar noti, ana juyawa ana dannawa. Wanda ya sa masa sarjuwan ya matsa da ƙarfi ya karya zaren ciki. Don irin wannan, mai waldar da ke maƙwabtaka da mu, sa'an Yaya ne kuma abokinsa tun suna samari, ya ƙera mana wani ƙarfe daga tsohuwar soket, ya fitar masa da haƙora biyu. Yanzu a Babbar Kasuwa ana sayar da irinsa cikin akwatin roba, da kawuna iri-iri, wani na juya dama wani hagu. Sababbin motoci ma sai an haɗa musu na'ura kafin fistan ya yarda ya koma. Duk na koya. Amma ko wace hanya aka bi, ƙarshen aikin ɗaya ne.

Ƙarshen shi ne wannan. Idan ka mayar da fistan, ka saka filaket, ka ɗaure ƙafa, ka sauke mota, wanda ya kalle ta zai ce an gama. Ba a gama ba. Fistan yana can ciki, nesa da filaket. Wanda ya shiga ya taka birki, feda za ta tafi har ƙasa, babu abin da zai kama. Sai an taka an saki, an taka an saki, har fistan ya fito ya sami filaket, feda ta yi tauri. Mota a wannan hali ba ta da wata alama. Tana tashi, tana tafiya, tsayawa ce kawai ba ta yi.

Saboda haka Yaya ya kafa doka. Da zarar sarjuwan ya taɓa fistan na wata mota, ba shi da wurin hutawa sai kujerar direbanta. Ba a ajiye shi a ƙasa, ba a mayar da shi akwati. Ko da ƙarfe mai haƙora aka yi aikin, sarjuwan ne ake ɗorawa. Ba wanda zai iya zama ya ja motar sai ya ɗauke shi, kuma ba mai ɗauke shi sai wanda ya ɗora. Shi zai ɗauke, ya zauna, ya taka feda har ta yi tauri, sannan ya miƙa makulli. Muna da sarjuwan biyu, nasa da nawa. Nasa hannunsa ya karye tun da daɗewa, ya maye shi da doguwar kusa ya lanƙwasa bakinta.

Na taɓa tambayarsa inda ya samo dokar. Ya ce a garejin da ya yi koyo, akwai bango, akwai wani mutum da ke tsaye a jikin bangon. Daga nan bai ƙara ba, ni ma ban sake tambaya ba.

Kakanmu daga ƙasar Kano ya taso da ƙafa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a bakin kogin garin nan, ya zauna ya nemi na gaba, har ya mutu yana nema. Gidan da ya bari a unguwar Ridina nan aka haife mu. Yaya ne babba, ni ne auta, tsakaninmu akwai mata da yawa. Da mahaifinmu ya rasu ina gama firamare, Yaya ya kama hannuna ya kai ni gareji. Karatuna ke nan. Har na yi furfura Auta yake kirana, direbobi kuma Usta suke ce masa, kamar yadda ake ce wa gwanin sana'a a garin nan.

Ba mai yawan magana ba ne. Da mai walda kaɗai yake sakin baki. Da safe mai walda yakan leƙo ta kan katanga, tabaransa baƙi a goshi.

"Usta, ka kwana lafiya, ko ka kwana kana jera sifanu?"

"Na kwana ina addu'a Allah ya shirye ka. Ƙofar da ka yi wa limami jiya ta faɗi."

"Iska ce."

"Iskar akuya ce. Na ga lokacin da ta jingina."

Haka suke tun ina yaro. Ina ambaton wannan don a san irin kan da Yaya yake da shi. Yakan ji mota ta shigo ya faɗi ƙafar da filaket ɗinta ya ci kafin direba ya kashe inji.

Abin ya fara a hankali. Wata rana da hantsi na je ɗaukar sifana a akwatinsa, na ga sarjuwan ɗinsa a ciki, a goge, a wurinsa. Na waiga. Motar da yake yi tana ƙasa, ƙafafu a ɗaure. Na ce a raina ya gama ke nan ban ji ba. Amma kunnena ya saba da ƙarar feda, ƙiƙ-ƙiƙ ɗin nan da takan yi in ana taka ta, kuma ban ji ta ba. Na shiga motar kamar zan gyara madubi, na taka. Feda ta tafi har ƙasa. Na taka na saki har ta yi tauri, na fito. Yaya yana wanke hannu a bokiti, bai waigo ba.

Na ce gajiya ce. Ba a jima ba ya sake. Bayan haka ya fara tsayawa a tsakiyar aiki, filaket a hannu, yana kallon ƙafar mota kamar wanda aka kira daga nesa. Hannunsa bai manta komai ba. Yana murɗa sarjuwan da laushin nan nasa, yana gane fistan mai juyawa da taɓawa kawai. Jerin aikin ne ya fara zubewa, kuma daga ƙarshe ya fara zubewa.

Matarsa ta tare ni a zaure wata Juma'a. Ta ce, "Baban yara ya yi la'asar sau biyu jiya. Da na faɗa masa, ya ce ni ce na ruɗe. Shekaranjiya kuma ya fita sayen goro, yaron maƙwabta ya gan shi yana tsaye a bakin titi bai san layinmu ba." Sannan ta ce, "A wurin aiki fa?"

Na ce, "Ina nan."

Muka kai shi asibiti da dabara, da sunan ciwon gwiwa. Likita ya ba da magani, ya ce mana a keɓe cewa ciwon mantuwa ne, ba ya komawa baya.

Daga nan na tsara aikina a kan nasa. Duk motar da ya taɓa, sai na bi ta kafin ta fita. Makullai suka koma aljihuna. In direba ya nemi nasa, sai in ce bari in juya masa ita, in shiga in taka feda. Ban sani ba ko Yaya bai lura ba ne, ko ya lura ya kau da kai.

Mai walda ya lura. Ya kira ni bayan shagonsa, ya ce, "Auta, har yaushe za ka yi ta bin bayansa kamar inuwa? Ka faɗa masa."

"In ce masa me?"

"Ka ce ya huta."

"Kai abokinsa ne, ka faɗa masa."

Ya cire tabarau ya goge ido da bayan hannu. Ya ce, "Na gwada. Na buɗe baki sai ya tambaye ni ko ƙofar limami ta sake faɗuwa. Na kasa."

Abin da ke gabana a fili yake. Ko in raba Yaya da aikin da shi ne rayuwarsa, ni da ya koya wa riƙe sifana, ko in ci gaba da gadi ina fatan idona ba zai kauce ba. A gidanmu ƙane ba ya cewa wansa ya ajiye. Na zaɓi gadi, kuma na yi shi da iyakar ƙarfina.

Ranar da abin ya faru da damina ne, an yi ruwa da asuba, gari ya yi luf. Wani direba da ke ɗaukar wa mahauta nama daga mayanka zuwa kasuwannin gari ya kawo motarsa, tsohuwar a-kori-kura, ya ce birkin gaba na kuka. Yaya ya karɓe ta. Ni ina kan wata ƙaramar mota da robar fistan ɗinta ta yage, babu irinta a Farcha, sai na je Babbar Kasuwa. Na zare makullin motar naman na sa a aljihu, na ce wa direban ya jira ni ko an gama. Ya ce to, ya tafi wurin mai shayi. Abin da ban sani ba, wannan motar ta daɗe da daina jin makulli. Da waya biyu ake tayar da ita a ƙarƙashin sitiyari, makullin na ƙofa ne kawai.

Na dawo a bas, na sauka a bakin titi, roba a hannuna. Ƙofar garejinmu tana da gangara zuwa hanya. A kan hanyar ana kora garken shanu zuwa mayanka, wani dattijo makiyayi yana gaba, sanda a kafaɗa, hannuwansa rataye a kanta. Sai na ji inji ya tashi a cikin gareji, na gane muryar motar.

Ta fito ta kama gangara. Ina kallon fuskar direban ta gilashi. Na ga lokacin da ya taka, na ji feda ta bugi ƙasa, na ga bakinsa ya buɗe. Makiyayin bai ma waigo ba, yana yi wa shanunsa magana. Direban ya fizgi birkin hannu, ƙafafun baya suka ja a kan laka, ya murɗe sitiyari hagu. Motar ta shiga tarin ƙofofin ƙarfe da mai walda ya jingina a bango, ta tsaya. Gefenta ya share bakin sandar makiyayin, sandar ta faɗi cikin taɓo. Ya sunkuya ya ɗauka, ya dubi motar, ya dubi sandarsa, ya bi shanunsa.

Ba wanda ya ji ciwo. Fitila ɗaya ta fashe, ƙofofi biyu suka lanƙwashe.

Direban ya diro yana faɗa da Larabcin da ake yi a garin nan, yana cewa an so a kashe shi, an ce masa an gama. Mutane suka fara taruwa. Ya nufi cikin gareji yana nuna hannu, sai ya tsaya cak. Yaya yana tsaye a tsakiyar fili, sarjuwan a hannunsa na dama, tsumma a na hagu. Yana cikin goge shi ne zai mayar akwati. Ya dubi motar, ya dubi ƙarfen da ke hannunsa, ya daɗe yana dubansa.

Direban ya sauke murya. Ya ce, "Usta, ba komai. Allah ya tsare."

Yaya ya sauka gangaren a hankali, ya buɗe ƙofar motar, ya zauna, ya ɗora sarjuwan a cinya. Muka ji feda. Ta farko ta tafi ƙasa, ta biyu ma haka, daga nan ƙarar ta fara gajarta har ta tsaya. Ya bar ƙafarsa a kai. Mutanen da suka taru suka fara watsewa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya kore su. Mai walda yana tsaye kusa da ƙofofinsa, bai ko kalle su ba.

Da Yaya ya fito, ya wuce wurin aikinsa. Ya tattara kayansa, yana goge kowanne yana sa shi a wurinsa, sifanu daga ƙarami zuwa babba, sannan soket, sannan ƙarfe mai haƙora biyu, sannan sirinji. Bai kuskure ko ɗaya ba. Ya rufe akwatin, ya ja shi gindin bango. Ya ɗora sarjuwan a kan murfin.

Ya ce, "Auta."

"Na'am, Yaya."

"Yau ne farko?"

"A'a."

Ya gyaɗa kai. "Ka san doka."

"Na sani."

"Faɗa in ji."

"Wanda ya ɗora shi ne zai ɗauke."

"Ko na roƙe ka."

"Ko ka roƙe ni."

Ya juya wurin mai walda ya ce, "Kai ma ka ji." Mai walda ya ce ya ji. Yaya ya wanke hannu, ya sauya riga, ya tafi gida tun kafin azahar, abin da ban taɓa ganin ya yi ba sai ranar mutuwa ko suna.

Washegari ya zo da rigar aikinsa a jiki, kamar kullum. Ya zauna a bencin da ke kusa da akwatin. Ya wuni yana kallona ina aiki, bai gyara mini komai ba. Haka ya yi ta zuwa. Matarsa ta ce in an hana shi fita ba ya cin abinci, saboda haka kullum tare muke hawa bas daga Ridina.

Kafin damina ta ƙare ya manta ranar. Wata safiya muka shigo, ya nufi akwatinsa kai tsaye, yana naɗe hannun riga. Ya tsaya.

"Auta, wa ya ɗora wannan a kan akwatina?"

Na ce, "Wanda ya ɗora zai zo ya ɗauke, Yaya."

"Bai ce yaushe ba?"

"Bai ce ba."

"Mutane ba su da tsari," in ji shi. Ya zauna a benci yana kallon ƙofa.

Daga ranar, kusan kowace safiya sai mun yi wannan maganar. Ya manta sunayen jikokinsa, ya manta hanyar masallaci, wani lokaci yakan kira ni da sunan mahaifinmu. Dokar bai manta ba. Akwatin ba kulle yake ba, ƙarfen kuma yaro ma zai ɗaga shi da hannu ɗaya. Sau da yawa na ga ya miƙa hannu, yatsunsa suna shawagi a kan lanƙwasasshiyar kusar nan da shi ya lanƙwasa ta, sannan ya janye ya sa hannun a cinya. Duk wanda ya shigo ƙofa sai ya ɗaga kai ya dube shi da kyau, ko shi ne.

Ya zargi mai walda. "Kai ne ko? Aikinka ne wannan."

Mai walda ya ce, "Haba Usta, ka san ni. Ni ɗauke wa mutane kaya nake yi, ban taɓa ɗora wa kowa ba."

Yaya ya yi dariya har da tari. Mai walda ya koma shagonsa, na daɗe ban ji ƙarar walda ba.

Akwai ranar da ya roƙe ni. Mota uku na jira, ni kaɗai, gumi na zuba. Ya ce, "Auta, aiki ya yi maka yawa. Ɗauke mini abin nan in kama maka. Mai shi ba zai zo ba." Na ce ba ni na ɗora ba. Ya ce shi ne babba, ya ba ni izini. Na ce ba ni na ɗora ba. Ya zage ni, zagin da bai taɓa yi mini ba ko ina yaro, a gaban direbobi. Na ci gaba da murɗa sarjuwan ɗina. Can da ya huce, na ji ya ce wa wani direba a hankali, "Ƙanena ne. Ni na koya masa."

Akwai kuma ranar da kansa ya washe, da yamma, bayan kowa ya tafi. Ina kwashe kaya ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Ni ne ko?"

Na ce, "Kai ne, Yaya."

"An mutu?"

"Ba a mutu ba."

Ya yi ajiyar zuciya. Ya dubi sarjuwan, yanzu ya san yana da ikon ɗaukewa. Na tsaya da sifana a hannu ina jira. Ya ce, "To a bar shi." Da safe ya sake tambayata wa ya ɗora.

Abu ɗaya ya rage masa na aikin. Duk lokacin da na sauke mota daga jak, sai ya karkata kai yana saurare. Da na shiga na fara taka feda, ƙafarsa ta dama takan fara motsi a ƙasa, diddige a kafe, tafin yana sauka yana tashi, tare da tawa. Ba ya tsayawa sai na tsaya. In na yi jinkirin shiga motar, ƙafar takan fara ita kaɗai. A hankali ya yi rami a ƙasar gaban bencin, ɗan kwari daidai tafin takalminsa.

Ya rasu lokacin zafi, kafin ruwan fari, a ɗakinsa na Ridina, da rana tsaka. Da aka zo rabon gado aka lissafa akwatin. Babban ɗansa, wanda ke aikin ofis, ya zo garejin da mutum biyu don su ɗauka. Na ce masa akwatin nasu ne, ban hana ba, amma ni ba zan ɗaga abin da ke kai ba. Ya san dokar, a gidan ya tashi. Ya tsaya a gaban akwatin, ya ce wa mutanen su je waje. Da ya fito ya ce, "Baba Auta, a bar shi a wurinka."

Ramin yana nan. Na cike shi da ƙasa, ruwa ya zo ya zaizaye, ya koma yadda yake. Mai walda ya ce ruwan rumfa ne ke ɗiga daidai wurin. Na duba rumfar ban ga huda ba, amma ban yi masa musu ba. Ni ba mai neman aljanu a cikin kowane abu ba ne. Abin da na sani kawai zan faɗa. In gareji ya yi shiru na shiga mota ina taka feda, nakan ji wata ƙarar a ƙarƙashin tawa, taf-taf a kan ƙasa, daga wajen benci. In na tsaya ta tsaya. Ba na waigawa. Wani lokaci kuma in baƙo ya shigo ƙofa, nakan ɗaga kai in dube shi da kyau kafin in tuna ba kowa nake jira ba.

Kwanan baya na gama wata tasi, na tsinci kaina a gaban akwatina, sarjuwan ɗina a hannu, tsumma a ɗaya hannun. Na tsaya. Na nemi ƙarar feda a kunnena ban same ta ba. Na koma motar na zauna na taka. Tana da tauri, tun takun farko. Wato na taka ta ɗazu. Hannuna da ƙafata sun yi aikinsu, ni ne ba na wurin.

Na kira mai walda. Ya tsufa, walda ta ci masa ido, amma kunnensa ƙalau. Na faɗa masa abin da ya faru. Ya ce, "Kowa na yin haka, Auta. Ni jiya na nemi tabarau yana goshina."

Na ce, "Wataƙila. Amma daga yau in na sauke mota, ka saurara. Ranar da ba ka ji feda ba, kada ka bi bayana ka gyara. Ka zo ka tsaya a gabana ka faɗa mini."

"In kasa fa, kamar wancan karon?"

"Kada ka kasa."

Ya ce, "To."

Da yamma na kwashe tsofaffin tayoyin da ke gindin bango, kusa da akwatin Yaya, na share wurin. Na auna da tafin hannu, akwatina zai shiga.